Dalilin da ya sa manhajar C ba ta jin maɓalli sai an danna Enter, da yadda ake sa ta ji

Duk wanda ya fara koyon harshen C yakan ci karo da wata matsala da a kallon farko ba ta taka kara ta karya ba. Yana son manhajarsa ta rubuta tambaya a fuskar kwamfuta, mai amfani ya danna maɓalli guda ɗaya, ita kuma ta ci gaba da aiki nan take. Sai ya kira `getchar()`, wanda littattafai suka ce harafi ɗaya yake karantawa, amma da ya gwada sai ya tarar manhajar ta yi tsit, ba ta motsa ba har sai da aka danna Enter. Daga nan yakan ɗora laifin a kan `getchar()`, ya koma `scanf()`, ya koma `fgetc()`, sakamakon kuwa bai canza ba. Ba zai canza ba, domin jinkirin ba daga waɗannan umarnai yake ba. Harafin da aka danna bai ma iso wurin manhajar ba tukuna, wani ne ya riƙe shi a hanya, kuma sai an gane ko wane ne wannan mai riƙon kafin a san inda za a yi gyara.

Ƙa'idar harshen C, tun daga wadda hukumar ANSI ta amince da ita a 1989 har zuwa ta baya-bayan nan da ake kira C23, ba ta tanadi ko da umarni ɗaya na karanta maɓalli kai tsaye ba. Abin da ta tanada shi ne magudanar haruffa mai suna `stdin`, wadda ake ɗiba daga cikinta ɗaya bayan ɗaya. Mai yiwuwa mutum ne a bakin allon madannai yake cika wannan magudana, mai yiwuwa fayil ne aka juyo, mai yiwuwa wata manhaja ce take zubo abin da ta fitar. Ba sakaci ne ya jawo wannan giɓi ba. Ana rubuta C domin na'urori da yawa waɗanda ba su da allon madannai ko kaɗan, don haka aka bar batun maɓalli a hannun kowace babbar manhaja, wato wadda take tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya kamar Linux ko Windows, ta warware shi yadda ya dace da ita. Shi ya sa babu amsa guda da za ta yi aiki a Linux da Windows ba tare da an rubuta sashe biyu ba.

A ɓangaren Unix da zuriyarsa, wato Linux da macOS da dangin BSD, asalin riƙon yana komawa ga na'urorin da aka fara amfani da su. Lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suke gina Unix a Bell Labs, da keken rubutu mai waya ake magana da kwamfuta, irin su Teletype Model 33 da ya fito a 1963, wanda yake buga haruffa goma a cikin sakan ɗaya a kan takarda. Daga sunansa aka samo kalmar tty da har yau ake gani a cikin Linux. Wannan keke ba shi da ƙwaƙwalwa ta kansa. Idan an danna maɓalli, lambar harafin kawai yake turawa ta waya, kuma kwamfutar ce take maido da harafin domin a buga shi a ga abin da aka rubuta. Tunda mai bugawa ba ya rasa yin kuskure, dole a sami wanda zai kula da goge harafi ko soke layi gaba ɗaya. Maimakon a ɗora wa kowace manhaja wannan nauyi, sai aka sanya shi a cikin ƙwayar babbar manhaja (wato kernel), a wani sashe da yake tsakanin na'urar da manhajar. Aikinsa kamar na magatakarda ne da yake rubuta wasiƙa da fensir, yana gogewa yana gyarawa yadda mai wasiƙar ya ce, kuma ba ya miƙa ta ga ɗan aike sai an ce masa an kammala. Danna Enter shi ne cewa an kammala. Akwai kuma wata riba ta biyu a wancan zamani: kwamfuta ɗaya mutane da yawa take yi wa aiki a lokaci guda, kuma tada manhaja sau ɗaya a kan cikakken layi ya fi sauƙi a kan tada ta a kan kowane harafi.

Kekunan sun daɗe da tafiya, amma tsarin yana nan daram. Tagar taminal da ake buɗewa a yau, ko xterm ce ko GNOME Terminal ko Terminal na macOS, ko kuma haɗin SSH zuwa wata kwamfuta mai nisa, duk suna amfani da taminal na kwaikwayo da ake kira pty, kuma wannan sashe mai riƙe layi yana tsakiyarsa. Ana iya ganinsa da ido ta hanyar gudanar da `cat`, umarnin da yake nuna duk abin da aka ba shi, ba tare da an ba shi fayil ba. Za a iya rubuta kalma, a goge ta da Backspace, a sake rubutawa, alhali a cikin `cat` babu ko layi ɗaya da ya shafi gogewa. Ƙwayar babbar manhaja ce take yin aikin. A Linux, iyakar abin da take riƙewa a layi ɗaya bayit 4096 ne, har da alamar ƙarshen layi. Wani zai ce ai a cikin bash, wato shel ɗin da yake karɓar umarni a taminal, yana iya matsawa hagu da dama da kibiyoyi, yana danna Tab a cika masa suna, duk ba tare da Enter ba. Haka ne, kuma dalilin shi ne bash da kansa yake kashe wannan yanayi na layi-layi duk lokacin da yake jiran umarni, sannan ya mayar da shi kafin ya gudanar da wata manhaja. Abin da bash yake yi shi ne ainihin abin da mai rubuta C yake son koyo.

Hanyar yin hakan tana cikin `termios.h`, wanda ƙa'idar POSIX ta farko, wato ƙa'idar bai-ɗaya ta dangin Unix, ta tsayar a 1988 domin haɗe hanyoyi mabambanta da manyan rassan Unix biyu, System V da BSD, suke bi kafin lokacin. Saitin taminal yana cikin wani tsari mai suna `struct termios`, mai ɗauke da rukuni huɗu na tutoci, wato zaɓuɓɓukan da ake kunnawa ko kashewa, da jerin haruffan sarrafawa. Ana ɗauko saitin da `tcgetattr()`, a canza abin da ake so, a mayar da `tcsetattr()`. Mafi ƙanƙantar abin da ake buƙata shi ne wannan:

```c
struct termios asali, sabo;
unsigned char harafi;

tcgetattr(STDIN_FILENO, &asali);
sabo = asali;
sabo.c_lflag &= ~(ICANON | ECHO);
sabo.c_cc[VMIN] = 1;
sabo.c_cc[VTIME] = 0;
tcsetattr(STDIN_FILENO, TCSAFLUSH, &sabo);

read(STDIN_FILENO, &harafi, 1);

tcsetattr(STDIN_FILENO, TCSAFLUSH, &asali);
```

Tutar `ICANON` ita ce take kunna yanayin layi-layi, kuma sauke ta yana nufin kowane bayit zai wuce zuwa ga manhajar da zarar ya iso. Tutar `ECHO` ita ce take sa a nuna abin da aka danna a fuska. Tutoci ne masu zaman kansu: mai karɓar kalmar sirri `ECHO` kaɗai yake saukewa, ya bar `ICANON` domin mai bugawa ya iya gyara kuskurensa. Abin lura a cikin waɗannan layuka shi ne an kwafi saitin da aka tarar, aka canza tutoci biyu kacal, ba a ƙirƙiri sabon tsari daga sifili ba. Yin hakan wajibi ne, domin a cikin tsarin akwai saurin waya da girman harafi da wasu abubuwa da manhajar ba ta da hurumin taɓawa.

Lambobi biyun nan, `VMIN` da `VTIME`, su ne suke yanke hukuncin lokacin da `read()` zai dawo, kuma sun cancanci a tsaya a kansu. `VMIN` shi ne mafi ƙarancin bayit da za a jira, `VTIME` kuwa lokaci ne da ake auna shi da kashi ɗaya cikin goma na sakan. Idan `VMIN` ya zama 1 kuma `VTIME` ya zama 0, manhajar za ta yi barci har sai an danna wani abu, komai daɗewa, ba tare da ta ci ƙarfin kwamfuta ba. Idan dukansu sifili ne, `read()` zai dawo nan take, da bayit idan akwai, da sifili idan babu. Idan `VMIN` sifili ne kuma `VTIME` ya zama 5, za a jira rabin sakan sannan a haƙura. Idan dukansu sun haura sifili, agogon ba ya fara tafiya sai bayan bayit na farko ya iso, kuma tazarar da ke tsakanin bayit da bayit yake aunawa. Da yake bayit ɗaya ne aka ware wa `VTIME`, ba ya wuce 255, wato sakan 25 da rabi. Akwai masu sauke `ICANON` su ƙyale waɗannan lambobi biyu, kuma sau da yawa a Linux hakan yakan yi aiki, sai su ɗauka sun yi daidai. Amma POSIX ta yarda gurbin `VMIN` ya zama ɗaya da gurbin `VEOF`, kuma a wasu tsare-tsare irin su Solaris haka abin yake. Tunda harafin `VEOF` shi ne Ctrl+D mai lamba 4, manhajar da ba ta saita `VMIN` ba za ta wayi gari a can tana jiran haruffa huɗu kafin ta motsa.

Bayan waɗannan tutoci biyu akwai wasu da ake iya saukewa, kuma a nan ne ake buƙatar hankali fiye da ƙwazo. Tutar `ISIG` ita ce take mayar da Ctrl+C zuwa siginar `SIGINT`, wato saƙon da yake katse manhaja, Ctrl+Z zuwa `SIGTSTP` mai dakatar da ita. Idan an sauke ta, Ctrl+C zai iso a matsayin bayit mai lamba 3 kawai, kuma idan manhajar ba ta tanadi hanyar fita ba, mai amfani ya shiga tarko. Tutar `IXON` ita ce take sa Ctrl+S ya daskarar da fuska har sai an danna Ctrl+Q. Tutar `ICRNL` tana mayar da lamba 13 da maɓallin Enter yake turowa zuwa lamba 10, wadda C ta sani a matsayin sabon layi, don haka wanda ya sauke ta sai ya riƙa neman 13. Tutar `OPOST` kuwa ɓangaren fitarwa ta shafa, kuma idan aka sauke ta rubutu zai riƙa saukowa a karkace kamar matakalar bene, domin babu mai mayar da alƙalamin zuwa farkon layi. Akwai umarni mai suna `cfmakeraw()` a Linux da BSD da yake sauke su gaba ɗaya a lokaci guda, kuma mutane suna son sa saboda gajartarsa. A ganina, manhajar da take son amsar e ko a'a, ko ƙaramin wasa, ba ta da dalilin ƙwace Ctrl+C daga hannun mai amfani. Wannan mataki na manhajojin gyaran rubutu ne irin su vim da nano, waɗanda suke da aikin da suka ba kowane maɓalli.

Tambaya ta biyu da take biyo baya ita ce yadda za a duba ko an danna wani abu ba tare da an tsaya jira ba, kamar a wasan da abubuwa suke ci gaba da motsi ko an danna ko ba a danna ba. Sanya `VMIN` da `VTIME` a sifili yana aiki, amma idan aka sa `read()` a cikin zagaye marar hutu, manhajar za ta cinye ƙarfin ƙwaƙwalwar kwamfuta guda tana tambayar abin da babu. Hanyar da ta fi tsafta ita ce `poll()` ko `select()`, inda ake gaya wa babbar manhaja ta tada mu idan bayit ya iso, ko idan wani lokaci ya cika. Wasan da yake sabunta fuska sau 60 a sakan zai ba `poll()` kimanin milisakan 16, ya karanta maɓalli idan akwai, ya zana hoto na gaba idan babu.

A nan akwai ramuka biyu da mutane da yawa suke faɗawa. Na farko shi ne haɗa `poll()` da `getchar()`. Laburaren C yana da tasa ma'ajiyar ta wucin gadi, daban da ta ƙwayar babbar manhaja. Idan bayit uku suna jira aka kira `getchar()`, zai iya kwashe su duka zuwa ma'ajiyarsa, ya miƙo ɗaya, ya ɓoye biyu. Sai a tambayi `poll()` ko akwai saura, ya ce babu, kuma gaskiya ya faɗa bisa abin da yake iya gani. Bayit biyun nan za su zauna har sai an sake danna wani maɓalli, sai manhajar ta riƙa zama a baya da taki ɗaya ko biyu ba tare da an gane dalili ba. Maganin shi ne a tsaya kan `read()` kaɗai da zarar an bar yanayin layi-layi, ko a kashe ma'ajiyar da `setvbuf()` tun kafin a karanta komai. Kiran `fflush(stdin)` da ake yawan gani ba magani ba ne, domin ƙa'idar C ba ta fayyace abin da zai faru idan an yi shi ba. Shi kuwa `fflush(stdout)` ana buƙatarsa, saboda tambayar da aka rubuta ba tare da sabon layi ba tana iya maƙalewa ba ta bayyana ba alhali manhajar ta riga ta fara jiran amsa. Rami na biyu shi ne sanya `O_NONBLOCK` a kan `stdin` ta hanyar `fcntl()`. A taminal, mashigar karatu da mafitar rubutu yawanci buɗewa ɗaya suka gada daga shel, don haka wannan tuta takan shafi rubutu ma, har `printf()` ya fara zubar da wani sashe na abin da aka ba shi idan ya yi yawa, kuma tutar tana nan bayan manhajar ta fita.

Wannan batu na abin da yake saura bayan fita shi ne mafi nauyi a cikin al'amarin gaba ɗaya. Saitin `termios` ba na manhajar ba ne, na taminal ɗin ne, kuma duk manhajojin da suke amfani da wannan taminal saiti ɗaya suke gani. Shi ya sa dabarar kiran `system("stty raw")` take aiki: wata manhaja ce daban ta canza saitin ta fita, canjin kuma ya zauna. Haka nan idan manhajarmu ta sauke `ECHO` ta mutu ba ta mayar ba, mai amfani zai iya tarar da kansa yana bugawa ba ya ganin abin da yake bugawa. Umarnin `stty sane` ko `reset` yana gyara wannan, amma bai kamata a bar wa mai amfani wannan aiki ba. Mayar da saiti a layin ƙarshe na `main()` bai wadatar ba, domin ba kullum ake isa wannan layi ba. Ana rajistar mai mayarwa da `atexit()` domin ya kama duk inda aka kira `exit()`. Amma `atexit()` ba ya gudana idan sigina ce ta kashe manhajar, don haka sai an kama `SIGINT` da `SIGTERM` da `SIGHUP` da `sigaction()`, a mayar da saiti, sannan a bar siginar ta yi aikinta. An yi sa'a `tcsetattr()` yana cikin umarnan da POSIX ta amince a kira su daga cikin mai kama sigina, saɓanin `printf()`. Ctrl+Z ma yana da nasa hukunci: kafin manhajar ta dakata ya kamata ta mayar da saitin asali, idan kuma aka dawo da ita da `fg`, siginar `SIGCONT` za ta iso, sai ta sake ɗora nata. Siginonin `SIGKILL` da `SIGSTOP` ne kaɗai ba a iya kamawa, kuma a kansu babu dabara.

Ya kamata kuma a duba abin da `tcgetattr()` ya dawo da shi. Idan an juyo fayil ko bututu, wato abin da wata manhaja take zubowa, zuwa `stdin`, babu taminal a wurin, umarnin zai gaza da kuskuren `ENOTTY`, kuma wanda bai duba ba zai ƙare da kwafin shara a matsayin saitin asali. Umarnin `isatty()` yana amsa wannan tambaya tun da wuri. Manhajar da take karɓar bayanai ta bututu kuma tana son maɓalli a lokaci guda, kamar yadda `less` mai nuna rubutu shafi-shafi yake yi, sai ta buɗe `/dev/tty` da kanta ta karanta daga can. Wani ƙaramin abu kuma: `TCSAFLUSH` yana zubar da duk abin da aka buga ba a karanta ba, saboda haka manhajar da take shiga da fita daga wannan yanayi a kan kowane maɓalli za ta riƙa ɓatar da haruffan mai saurin bugu. A shiga sau ɗaya a farko, a fita sau ɗaya a ƙarshe.

Duk abin da ya gabata ya warware batun jira ne kawai. Saura wata matsala da ta fi zurfi, wato abin da yake isowa bayit ne, ba maɓalli ba, kuma ba kullum suke zuwa ɗaya da ɗaya ba. Harafin a bayit ɗaya ne mai lamba 97. Amma kibiyar sama bayit uku take turowa: 27, sannan alamar `[`, sannan harafin A. Ta ƙasa tana ƙarewa da B, ta dama da C, ta hagu da D. Wannan gado ne daga taminal ɗin VT100 da kamfanin DEC ya fitar a 1978, wanda kusan duk tagogin taminal na yau suke kwaikwayo. Idan taminal yana cikin wani yanayi na musamman, kibiyoyin nan suna turo harafin O a maimakon `[`. Maɓallin Delete yana turo bayit huɗu, F5 a xterm yana turo biyar. Haruffan da ba sa cikin ASCII, wato tsohon jerin haruffan Turanci, ma haka suke: a tsarin UTF-8, ƙ bayit biyu ne, 198 da 153, ɗ kuma 201 da 151. Manhajar da ta ɗauki kowane bayit a matsayin dannawa ɗaya za ta ga an danna maɓallai biyu marasa ma'ana a inda aka buga harafi ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuma akwai maɓallai mabambanta da suke turo lamba ɗaya: Tab da Ctrl+I duk 9 ne, Enter da Ctrl+M duk 13 ne, kuma babu yadda manhajar za ta bambance su ta tsohuwar hanya.

Mafi wuyar sha'ani a cikinsu shi ne maɓallin Esc, domin lambarsa 27 ce, wato daidai da bayit na farko na kibiyoyi, kuma riƙe Alt tare da wani harafi ma yawanci 27 yake turowa kafin harafin. Idan 27 ta iso, manhajar ba ta da tabbacin ko mutum Esc ya danna ko kuwa farkon jeri ne. Abin da ya rage mata shi ne ta auna lokaci: ta jira ɗan taƙi, idan wasu bayit sun biyo baya jeri ne, idan ba su biyo ba Esc ne. Wannan hasashe ne, ba tabbaci ba. Idan jiran ya yi tsawo, Esc zai yi nauyi a hannu. Idan ya yi gajarta, haɗin SSH mai rauni zai iya raba jerin gida biyu, sai danna kibiya ya zama Esc da wasu haruffa biyu da ba a buga ba. Laburaren ncurses ya sa wannan jira a milisakan 1000 idan ba a canza `ESCDELAY` ba, shi ya sa wasu manhajoji suke ɗaukar sakan guda cur kafin su amsa Esc.

Da zarar buƙata ta kai ga kibiyoyi da maɓallan F, shawarata ita ce a daina rubuta komai da hannu, a ɗauki ncurses. Asalinsa curses ne da Ken Arnold ya rubuta a Jami'ar California da ke Berkeley, kuma yana dogara da rumbun terminfo, inda aka rubuta jerin da kowane irin taminal yake turowa. Ana kiran `cbreak()` da `noecho()` a madadin tutocin nan biyu, a kira `keypad()` domin laburaren ya harhaɗa jerin da kansa, sai `getch()` ya dawo da lamba ɗaya kamar `KEY_UP`. Umarnin `timeout()` kuma yana maye gurbin wasan `VMIN` da `VTIME`. Farashinsa shi ne yana karɓe fuskar gaba ɗaya, wanda ya yi yawa ga manhajar da tambaya ɗaya kawai za ta yi.

A Windows labarin ya fi gajarta. Fayil ɗin `conio.h`, da aka gada daga zamanin MS-DOS, yana da `_getch()` mai karanta maɓalli ba tare da Enter ba kuma ba tare da nunawa ba, da `_kbhit()` mai faɗin ko akwai abin da yake jira. Ba sa cikin ƙa'idar C, kuma babu su a Linux, duk da yawan tsofaffin littattafan da suke koyar da su kamar wani sashe ne na harshen. A nan ma kibiya kira biyu take buƙata: na farko ya dawo da 0 ko 224, na biyu ya dawo da 72 idan sama ce, 80 ƙasa, 75 hagu, 77 dama. Wanda yake son fiye da haka yana da `ReadConsoleInput()`, kuma a wannan wuri Windows ya sha gaban tsarin Unix, domin abin da yake bayarwa rahoton maɓalli ne na gaskiya, mai ɗauke da filin `bKeyDown` da yake nuna ko dannawa aka yi ko saki.

Taminal na Unix, a tsarinsa na gargajiya, ba ya ba da labarin saki ko kaɗan. Keken rubutu ba shi da abin da zai buga idan an ɗaga yatsa, don haka ba a taɓa tanadar masa lamba ba. Idan aka riƙe maɓalli, abin da manhajar take gani shi ne harafi ɗaya, sai ɗan shiru, sai harafin ya riƙa maimaituwa, kuma ba ta da hanyar bambance wannan da mutum mai dannawa da sauri. Danna Shift ko Ctrl shi kaɗai ba ya turo komai. Riƙe maɓallai biyu a tare, kamar sama da dama a wasan tsere, na ƙarshen ne kawai yake maimaituwa. Babu wata tuta a cikin `termios` da za ta gyara wannan, domin bayanin bai taɓa shiga magudanar ba. Wanda yake buƙatarsa a Linux zai iya karanta fayilolin `/dev/input/event` kai tsaye, inda kowane rahoto yake ɗauke da 1 idan dannawa ce, 0 idan saki ne, 2 idan maimaici ne. Sai dai wannan yana buƙatar izini na musamman, yana jin duk abin da ake bugawa ko da a wata taga ce daban, kuma ba ya aiki ta SSH, tunda allon madannan yana jikin wata kwamfuta. Akwai kuma sabuwar yarjejeniya da taminal ɗin kitty ya ɓullo da ita, wasu taminal suka karɓa, wadda manhaja take iya kunnawa domin a riƙa turo mata saki da bambancin Tab da Ctrl+I da Esc marar ruɗani. Manhajar da ta dogara da ita sai ta fara tambayar taminal ko ya san yarjejeniyar, ta kuma tanadi tsohuwar hanya idan bai amsa ba. Idan kuwa wasan ba zai yiwu ba sai da sanin lokacin da aka saki maɓalli a kowace kwamfuta, to ya wuce abin da taminal zai iya ɗauka, kuma wurinsa shi ne taga ta kansa ta hanyar laburare irin SDL2, wanda yake turo `SDL_KEYDOWN` da `SDL_KEYUP` daban-daban ga kowane maɓalli.